Waƙa Ta Riga Labari Isowa: Hukuncin Masu Kallon Indiya a Ƙasar Jega

Fim ɗin Indiya ba ya isowa gari gaba ɗaya a rana guda. Waƙarsa ce ke fara zuwa, wani lokaci makonni shida kafin a haska shi a Mumbai, kuma ba ta jiran sinima ko talabijin. Wani ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero zai sauke ta a wayarsa, mai turin fim a kasuwar Jega ya saka ta cikin abin da yake tura wa mutane, daga nan ta bi 'yan kabu-kabu da masu cin kasuwa ta shiga Alelu da ƙauyukan da ke kan hanyar Maiyama. Kafin kowa ya san sunan jarumin a cikin labarin, an riga an yanke wa fim ɗin hukunci a shagon cajin waya da teburin mai shayi. Wasu su ce rawar ta yi, wasu su ce Indiya ta lalace. Yanzu haka idon masoya yana kan King, fim ɗin Shah Rukh Khan da aka sanar za a saki a 2026, wanda Siddharth Anand ke ba da umarni. Mutane da yawa na ɗaukar irin wannan muhawara a matsayin hirar marasa aikin yi. A ganina sharhi ne na gaske daga mutanen da suka san abin da suke magana a kai, kuma ƙorafin da ke ƙarƙashinsa ɗaya ne, ko da bakin masu yin sa ya fi kama batun sutura: waƙar fim ta daina yi wa labari aiki, ta koma tallar da ake aikowa gaba.

Sai an fara yarda cewa kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin wannan kiɗa. Tun shekarun 1950 'yan kasuwar Lebanon masu gidajen sinima suka fara shigo da finafinan Indiya arewacin Najeriya, kuma abin ya karɓu fiye da yadda su kansu suka zata. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna cewa gidan talabijin na NTA Kano kaɗai ya nuna finafinan Indiya sama da 1,000 tsakanin 1977 da 2003. Brian Larkin, wanda ya yi nazari a Kano ya kuma wallafa maƙalarsa kan masoyan Indiya a 1997, ya kawo sunayen da 'yan kallo suka laƙa wa jarumai, irin su Sarkin Ƙarfi ga Dharmendra da Ɗan Daba Mai Lasin ga Sanjay Dutt. Ba a yi wa baƙo irin wannan laƙabi. Abdu Yaron Goge ya ɗora karin waƙoƙin Indiya a kan gogensa, 'yan Ushaƙu Indiya a Kano suka ɗauki karin suka zuba masa begen Annabi da bandiri. Abin da sinima ta soma a manyan birane kamar Sakkwato, kaset ɗin bidiyo da janareta suka ƙarasa shi a ƙananan garuruwa, sai faifai, sai katin waya. Saurayin da ke sukar sabuwar waƙa a Alelu yau ya tashi ne a gidan da mahaifinsa ya san Amitabh Bachchan, mahaifiyarsa kuma ta san muryar Lata Mangeshkar ko da ba ta san sunanta ba. Ga kuma gadon ƙasar kanta, wadda ta saba da waƙoƙin Narambaɗa da Ɗankwairo da Sani Aliyu Ɗandawo, inda ake auna mawaƙi da nauyin maganarsa da yadda amshi ke zama daram a kan kiɗa.

Me waƙa take yi a fim ɗin da waɗannan mutane suka saba da shi? Tun Alam Ara na 1931, fim ɗin Indiya na farko mai magana, wanda ya zo da waƙoƙi 7, waƙa ta zama wurin da ake faɗin abin da baki ba zai iya faɗa a gaban iyaye ba. A Mother India na 1957, wanda manoman ƙasar nan suka ga kansu a cikinsa saboda bashi da garma da ambaliya, waƙoƙin Naushad ne ke ɗaukar mai kallo daga shekara zuwa shekara na wahalar jarumar fim ɗin, Radha. A Mughal-e-Azam na 1960, rawar da Madhubala ta yi a ɗakin madubai ita ce hanyar da baiwa ta bi ta gaya wa sarki Akbar a gaban fadawansa cewa ba za ta janye daga son ɗansa ba. Wadda ta fi kowace zama a zuciyar masu kallonmu ita ce ta Sholay, 1975, inda Gabbar Singh ya ɗaure Veeru ya ce ransa na nan muddin ƙafar Basanti na motsi, Hema Malini, wadda ta fito a matsayin Basanti, ta yi ta rawa a kan fasassun kwalabe. A cire wannan rawa, labarin ya yanke. Mai kallo ba ya bukatar jin Indiyanci kafin ya san dalilin kowane taku, domin abin da ya faru kafin waƙar ya riga ya gaya masa.

Sai a dubi abin da ya faru da Pathaan, domin shi ne ma'aunin da masoya ke riƙe da shi yayin da suke jiran King, tunda mai ba da umarnin ɗaya ne, jarumin ma ɗaya. An saki waƙar Besharam Rang a ranar 12 ga Disamba 2022, fim ɗin kuwa bai fito ba sai 25 ga Janairu 2023. A cikin waɗannan makonni duniya ba ta da abin tattaunawa game da fim ɗin sai tufafin da Deepika Padukone ta sa a bakin teku. Ministan cikin gida na jihar Madhya Pradesh a lokacin, Narottam Mishra, ya fito ya soki shigar, wasu ƙungiyoyin Hindu suka ce an ci mutuncin launin da suke girmamawa, aka yi kiran ƙaurace wa fim ɗin, hukumar tace finafinai ta Indiya ta nemi a yi gyare-gyare har da cikin waƙoƙin. Da fim ɗin ya fito ya tara fiye da rupi biliyan 10 a duniya, ya dawo da Shah Rukh Khan kan ganiyarsa bayan shekara huɗu bai fito a matsayin babban jarumi ba. Abin lura shi ne, cikin duk wannan ce-ce-ku-ce da wuya a sami wanda ya tambayi abin da waƙar ta ƙara wa labarin ɗan leƙen asirin. Da aka kalli fim ɗin aka ga amsar: ta gabatar da jarumar, sai kuma babu wani abu. Ɗaya waƙar, Jhoome Jo Pathaan, ma sai da labari ya ƙare sannan ta zo, lokacin da sunayen ma'aikata ke wucewa kuma mutane na neman takalmansu.

A nan ƙasarmu masu kallo sun kasu gida biyu a kan irin wannan waƙa, kuma duk wanda ya zauna a majalisar samari ya san su. Akwai masu cewa kiɗan ya bugu, rawar ta burge, sauran bayani sai fim ya fito. Akwai masu cewa wannan ba Indiya ba ce, Turai ce ta sa sari, kuma ba abin da mutum zai kunna ba ne ƙannensa na wurin. Idan aka saurara da kyau za a ji cewa duka ɓangarorin suna magana ne a kan jiki da tufa da motsi, domin abin da aka ba su ke nan. Ba a ba su uwar da ke hana aure ba, ba a ba su talaucin saurayin ba, ba a ba su alkawarin da aka karya ba. Duk mai sayen albasa a Aliero ya san cewa ta saman buhu ba ita ce shaida ba, manya ake zaɓa a jera a baki. Waƙar da kamfani ke saki da wuri ita ce ta saman buhun, an shirya ta ne don ta ja ido cikin daƙiƙu kaɗan, kuma mai kallon da ya ce bai yarda da ita ba yana yin abin da ɗan kasuwa mai wayo ke yi. Kuskurensa kawai shi ne idan ya ɗauka matsalar ta tsaya ga tsawon rigar jaruma.

Wanda ya san tarihin harkar zai ce sakin waƙa kafin fim ba sabon abu ba ne, kuma ya yi gaskiya. Tun zamanin garmaho kamfanoni ke sayar da waƙoƙi kafin ranar haskawa. Kamfanin T-Series da Gulshan Kumar ya kafa a shekarun 1980 ya gina dukiyarsa ne a kan kaset, kuma Aashiqui na 1990 ya shahara da cewa waƙoƙin Nadeem da Shravan ne suka ja mutane zuwa kallonsa. To amma abin da ake aikowa gaba a wancan lokaci sauti ne, kaset guda mai waƙoƙi shida ko takwas, na farin ciki da na rabuwa da na biki, wanda mutum zai yi ta ji har ya ƙagu ya ga inda kowace za ta faɗo a labari. Yanzu abin da ke yawo hoton bidiyo ne, sau da yawa ma guntunsa na daƙiƙa 20 ko 30, wanda aka gina a kan taku guda mai sauƙin kwaikwayo domin matasa su maimaita a Instagram da YouTube. Indiya ta haramta TikTok a watan Yunin 2020, amma salon da ya kawo bai tafi ba, a Najeriya kuma manhajar na nan tana aiki. Mai tsara rawa da ya san cewa za a auna nasararsa da yawan masu kwaikwayon takunsa ba zai tsaya tambayar halin da jarumar ke ciki a labari ba. Shi ya sa waƙar Tauba Tauba ta Vicky Kaushal a 2024 ta zagaya wayoyin mutanen da ba za su iya faɗin abin da fim ɗin Bad Newz ya ƙunsa ba.

Wani kuma zai ce, ina mutumin da ba ya jin Hindi ya ga ta yanke hukunci a kan waƙar Hindi? Wannan suka tana da kamar ƙarfi, amma tarihi ya karya ta. Shekara da shekaru Hausawa suka yi suna kallon waɗannan finafinai ba fassara, suna kuka inda ya kamata, suna dariya inda ya kamata, saboda labarin auren dole da biyayyar iyaye da kishiyantar masu kuɗi da talakawa nasu ne. Rashin jin harshen ma shi ya sa suka fi kowa dogara da dangantakar waƙa da labari. Ɗan Mumbai zai iya jin daɗin baiti don hikimar kalmominsa ko da bai dace da komai ba. Ɗan Alelu ba shi da wannan mafita. Idan labari bai bayyana masa waƙar ba, to babu abin da ya rage masa sai jikin masu rawa. Zuwan fassarar Indiya-Hausa, wadda ɗakunan aiki irin su Algaita a Kano suka yi fice da ita, ya ƙara fito da abin fili. Yanzu jarumi na magana da Hausar Kano, har da barkwancin da babu shi a asalin fim ɗin, amma da an zo waƙa sai fassara ta tsaya. Magana ta matso kusa da mai kallo, waƙa ta ƙara nisa. Ba mamaki yatsa ya saba da tura fim gaba idan kiɗa ya tashi, abin da masu kallon zamanin kaset ba su cika yi ba, su da suke mayar da waƙa baya su sake ji.

Suka mafi nauyi ita ce ta malamai da iyaye, waɗanda za su ce duk wannan bambancewa ɓata lokaci ce, rawar namiji da mace ba ta halatta ba ko tana yi wa labari aiki ko ba ta yi. A ƙasar Gwandu, inda karatun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ke da tushe, kuma a jihar da ta shiga sahun masu aiwatar da shari'ar Musulunci a 2000, wannan ba magana ce da za a yi wa kunnen uwar shegu ba. Ita ce ta sa Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, ita ce kuma ta sa ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ, ita da daga baya ta fito a fim ɗin Indiya Khuda Haafiz kashi na biyu a 2022. Hukuncin halal da haram na malamai ne, ba na mai sharhin fim ba. Abin da mai sharhi zai iya nunawa shi ne cewa su kansu iyayen da ke ƙorafi ba su ɗauki dukkan waƙoƙin ɗaya ba. Sun bar Mother India ta shiga gidajensu, sun kalli Kuch Kuch Hota Hai na 1998 tare da 'ya'yansu, sai ga shi suna ƙwace waya idan sun ga wasu na yau. Ke nan suna da ma'auni. A tsohon tsari rawar gidan giya ta jaruma Helen ce, kuma labari ya riga ya gaya wa yaro cewa wannan wurin miyagu ne. Ko rawar Madhuri Dixit a Khalnayak na 1993, wadda ta jawo babbar rigima a Indiya, jami'ar gidan yari ce ta yi shigar 'yar rawa don ta kama ɗan ta'adda. Labari shi ne ke sa wa rawa iyaka, ya ce ga wanda ya yi ta, ga dalili, ga sakamako. Idan aka yanke ta aka aiko ta ita kaɗai cikin wayar yaro ɗan shekara goma sha biyu, babu mai yi masa wannan bayani. Damuwar uba da ƙorafin mai son fim sun haɗu a wuri ɗaya, ko da ba su san sun haɗu ba.

Za a iya cewa duk wannan kewar da ce irin ta masu furfura, waɗanda komai na zamaninsu ya fi daɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin tsofaffin finafinai ma cike suke da waƙoƙin da aka cusa don kawai a kai jarumai kan duwatsun Suwizalan. Sai dai matasan ne da kansu suka nuna cewa ba saurin kiɗa ko zafin rawa ke damun su ba. Waƙar Naatu Naatu ta fim ɗin RRR na 2022, wadda M. M. Keeravani ya tsara kiɗanta kuma ta ci kyautar Oscar a 2023, ta fi yawancin waƙoƙin Mumbai sauri da tsalle. Amma kowa ya san abin da ke faruwa a cikinta: wani Bature ya wulakanta Bheem a wurin liyafa don bai iya rawar Turawa ba, abokinsa Ram ya shigar masa, suka yi ta takawa har Turawan suka zube ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe Ram ya faɗi da gangan don abokinsa ya yi nasara a gaban yarinyar da yake so. Raini da abota da sadaukarwa duk a cikin rawa guda. Fim ɗin ba na Hindi ba ne asali, na Telugu ne daga kudancin Indiya, kuma ba banza ba finafinan kudu irin su Baahubali da Pushpa suka mamaye kwamfutocin masu turi. Hatta a Indiya masoya sun nuna gajiyarsu da waƙar da ba ta da tushe. Lokacin da aka sake kwaɓa waƙar Masakali a 2020, A. R. Rahman da ya tsara ta asali ya nuna rashin jin daɗinsa a fili, jama'a kuma suka goya masa baya.

To wa ke jin ra'ayin ɗan Alelu? A Mumbai babu. Bai sayi tikiti ba, kuɗin da ya ba mai turi ba ya isa hannun kamfanin da ya shirya fim ɗin, kuma ba a lissafa shi cikin alƙaluman da ake yanke shawara da su. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma ba ta mayar da hukuncinsa banza ba, domin akwai masana'antar da take jin sa sarai. Finafinan Hausa sun ɗauki tsarin waƙa da rawa daga Indiya, kuma tun nasarar Sangaya da Wasila a wajajen 2000 aka gane cewa waƙa ce ke sayar da fim. Ali Nuhu, wanda bai taɓa ɓoye tasirin Indiya a aikinsa ba, shi ne aka naɗa shugaban hukumar finafinai ta Najeriya a Janairun 2024. Abin da matasan Jega da Maiyama suka karɓa ko suka ƙi daga Indiya yana komawa kunnen mawaƙan Kano da Kaduna, yana fitowa a kiɗan da ake sa wa amare a wurin kamu da walima. Cutar da ta kama waƙar Hindi ta riga ta kama ta Hausa, inda ake sakin bidiyon waƙa mai taku guda don TikTok, fim ɗin da aka ce tana cikinsa kuwa wani lokaci ba a sake jin labarinsa. A ɗaya gefen kuma shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na Arewa24 da Labarina na Aminu Saira sun nuna cewa jama'a na iya bin labari mako-mako ba tare da an tsayar da shi an yi rawa ba.

Finafinai biyu da ke tafe za su gwada wannan magana ta hanyoyi daban-daban. King ya sake haɗa Shah Rukh Khan da Deepika Padukone a hannun mutumin da ya yi Pathaan, ga kuma 'yar jarumin, Suhana Khan, a ciki, saboda haka masu tsammanin za a sake aiko da waƙa mai tayar da ƙura kafin fim suna da hujjarsu. Ramayana na Nitesh Tiwari, da Ranbir Kapoor da Sai Pallavi da Yash, wanda aka sanar za a saki kashinsa na farko a bikin Diwali na 2026, ya haɗa A. R. Rahman da Hans Zimmer a kan kiɗa, kuma a nan rigimar ba za ta zama ta sutura ba. Labari ne na addinin Hindu, waƙoƙinsa za su taɓo bauta, kuma mai kallo Musulmi a ƙasar Jega zai fuskanci tsohuwar tambayar da iyayensa suka saba kaucewa duk lokacin da jaruma ta tsaya waƙa a gaban gunki: kiɗan yake saurare ko abin da ake faɗa? Masu fassara a Kano, da suka saba barin waƙa yadda take, su ma sai sun yanke shawarar ko za su fassara ta, ko su bar ta, ko su datse ta gaba ɗaya kafin fim ɗin ya iso kwamfutar mai turi a Jega.